Haƙorina da Ruwan Sanyi Ba Sa Ga Maciji

Ni da ruwan sanyi ba mu taɓa samun saɓani ba, wani haƙorina na sama ta hagu ne ya raba mu. Kurɓa ɗaya, sai in ji zir har tsakiyar kaina, in runtse ido, in sandare da kofi a hannu. A wurin aiki har ana yabona, wai ba wanda ya kai ni doguwar addu'a bayan shan ruwa.

Mai ciwon haƙori ba ya rasa likitoci. Abokin aikina ya ce ruwan gishiri. Na kurkura, baki ya yi tas, haƙori ko gezau. Yayata ta ce man kanumfari, kuma a yi mata adalci, yana kashe zafi na ɗan lokaci. Sai dai ba ya zaɓe. Leɓe ya mutu, harshe ya mutu, na shiga taro ina bayani miyau na bin haɓata ban sani ba. Kafin a tashi haƙorin ya farfaɗo, ya riga leɓen ma. Wani kuma ya kawo man goge baki na gawayi, wanda ya ƙara kankare abin da ya rage na ɓawon haƙorin.

Likitan haƙori bai tambaye ni wanne ne ba. Iska kawai ya hura da wani ɗan bututu, na zabura har na kusa barin kujerar. Na ce, "Likita, ai da ka tambaya da na nuna maka!"

Ya ce ƙarƙashin farin ɓawon haƙori akwai wani sashe mai ƙananan ramuka da ido ba ya gani, cike da ruwa, sun nufi jijiya. In ɓawon ya cinye ko dasashi ya ja baya, sanyi ya motsa ruwan nan, jijiya ta yi ihu. Ya duba dasashina ya ce, "Malam, haƙori kake gogewa ko gindin tukunya?" Na kare buroshina iya ƙarfina, ya ce a jefar, a sayi mai laushi.

Man goge bakin masu wannan matsala iri biyu ne. Mai sinadarin fotasiyam naitiret, yawanci kashi 5 cikin 100, lallashin jijiyar yake yi, kuma sai an yi mako 2 zuwa 4 ana gogawa safe da dare kafin a ji bambanci sosai. Mai sinadarin sitanos fuloraid ko sinadarin ajinin kuwa toshe ramukan yake. Duka biyun, in ka daina, zugin na iya dawowa. Likitan kuma ya shafa min fuloraid mai danƙo a haƙorin, kuma a wurina wannan ya fi komai saurin aiki. Ya ja kunnena cewa ciwon da ke daɗewa ko ya tashe ka cikin dare ba wannan ba ne, rami ne ko tsagewa, man goge baki ba ya taɓa shi.

Doka mafi wuya ita ce in an goge baki da man, a tofar amma kar a kurkura. Daren farko uwargida ta ga farar kumfa a gefen bakina, ta yi salati za ta kira maƙwabta. Da na yi mata bayani sai ta ce ita ma fa nata na ɗan yi mata zir. Yara ma duk suka kamu da cutar a dare ɗaya. Man ya ƙare tun jijiyata ba ta gama hucewa ba. Sabon da na sayo a cikin safa yake kwana.