Ku Daina Mayar Da Allurar Ɗan'uwanku Abin Dariya

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa, musamman na cikin garin Sakkwato.

Abin da na gani daren Asabar a wani gidan kallon ƙwallo da ke Mabera shi ya hana ni yin shiru. Ana tsakiyar wasa sai wani saurayi, da ƙyar in ya kai shekara ashirin, ya fara gumi har rigarsa ta jiƙe sharkaf. Hannunsa na karkarwa, ana yi masa magana yana amsa abin da ba a tambaye shi ba, can sai ya zame daga kan benci. Ɗaya daga cikin abokansa ya laluba aljihunsa yana neman waya, sai ga sirinji da 'yar ƙaramar kwalba. Nan take wuri ya kaure da dariya. Wani ya ce, "Awo! Ashe wanga ma ɗan hannu na, yau dai ta yi mishi yawa." Wani kuma ya zaro waya ya fara ɗaukar bidiyo.

Ina ganin kwalbar na gane ta, don ƙanwata tun tana firamare take rayuwa da irinta. Insulin ce, maganin da masu ciwon suga ke yi wa kansu allura da shi don sauke sugan jini. Sugan yaron ne ya faɗi. Allah ya sa yana iya haɗiya, aka sayo lemun kwalba aka ba shi, ba a jima ba ya dawo hayyacinsa. Kalmar farko da ta fito daga bakinsa ita ce, "Don Allah Yaya, kar ka gaya ma kowa." Wanda suka zo tare a kan babur ɗaya, abokinsa tun ƙaramar sakandare, bai taɓa sanin yana da ciwon suga ba.

Wace irin abota ce wannan? Hausawa sun ce abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. To me ya sa yaro zai gwammace ya faɗi a bainar jama'a da ya buɗe baki ya faɗa wa amininsa abin da ke damunsa? Don ya san bakinku. Ya ji sunan da kuka laƙaba wa wani mai farfaɗiya, ya ji yadda kuke kwaikwayon mai in'ina, ya san ranar da ya faɗa muku shi ke nan sunansa ya koma Ɗan Allura ko Mai Zaƙi har ya tsufa. Ku kuka koya masa ɓoyo da wannan zolaya taku da kuke kira wasa.

Bari in faɗa muku abin da kuke yi wa dariya. Ciwon suga kala biyu ne manya. Wanda kuka saba gani a jikin iyaye da kakanni shi ne nau'i na biyu, kuma kusan tara cikin goma na masu ciwon shi gare su. Sau da yawa ana riƙe shi da ƙwayoyi da kiyaye abinci da motsa jiki. Nau'i na ɗaya dabam yake. Garkuwar jikin mutum ce ke juyawa ta kashe ƙwayoyin halittar da ke samar da insulin a wata gaɓa ta cikin ciki da likitoci ke kira fankiriyas, kuma ya fi kama yara da matasa. Shan alawa bai kawo shi, kwaɗayi bai kawo shi, ba a ɗaukarsa ta cin abinci kwano ɗaya. Idan babu insulin, abincin da mutum ya ci ba ya shiga inda zai zama ƙarfi, sai sugan ya taru a jini. Yaro ya dinga fitsari dare da rana, ƙishirwa ba ta yankewa, yana ci yana ramewa. Insulin kuma ba a haɗiyarta, ciki zai narkar da ita kamar yadda yake narkar da nama, shi ya sa dole sai allura, kowace rana, sau biyu ko sau huɗu, har ƙarshen rayuwa.

Kafin shekarar 1921, lokacin da Frederick Banting da Charles Best suka ciro insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada, yaron da ya kamu da wannan ciwo da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu. A watan Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurar, ya tashi daga gadon da aka fid da rai da shi. Rahamar da Allah ya saukar wa bayinsa ke nan, ita ce ku kuke gani a aljihun ɗan'uwanku kuna tafa hannu.

Na san daga ina zargin yake fitowa. Shaye-shaye ya ɓata mana unguwanni har ya zama duk wanda aka gani da sirinji an gama yanke masa hukunci. Tun 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, amma har yau ku leƙa kwalbatoci da kangwaye ku ga kwalabe. Abin takaici, mai haɗiyar tiramol a majalisa ba ya ɓoyewa, har kirari ake yi masa, ana kiransa oga. Mai allurar da ke riƙe da ransa shi ne ke laɓewa a banɗaki, cikin wari da duhu, yana soka wa cinyarsa a gaggauce kar wani ya ƙwanƙwasa. Wallahi wannan juyin al'amari yana ci mini rai.

Kuma ɓoyon nan kisa yake yi, ba wasa ba. Saurayi ya tafi ɗaurin aure da abokai, an kawo shinkafa da lemo, yana jin kunyar fita ya yi allura, sai ya ce bari sai ya koma gida. Gobe ma haka. Sugan ya hau, jiki ya fara ƙona kitse, jini ya yi tsami. Sai amai, sai ciwon ciki, sai numfashi mai zurfi da sauri, bakinsa na wani ƙamshi kamar na 'ya'yan itace da suka nuna. A gida a ce shawara ce ko taifot, wasu su ce iska ce, a yi ta hayaƙi har ya suma. Wani kuma ya yi allurar amma bai ci abinci ba don kar a ce masa acici, ya shiga fili buga ƙwallo, sugan ya sauka ƙasa da 70 a na'urar gwaji, ya faɗi, babu wanda ya san dalili. Alhali da aboki ɗaya ya sani, ƙaramin cokali huɗu na suga a ruwa ko rabin kwalbar lemo sun isa, a jira minti 15 a sake gwadawa. In ya riga ya suma ba a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti. Wannan ɗan ilimin fa bai kai yawan sunayen 'yan wasan Ingila da kuka haddace ba.

Na 'yan mata ya fi muni. Uwa da kanta za ta ja kunnen ɗiyarta, "Ki rufa muna asiri, in aka ji wa za ya aure ki?" Yarinya ta yi shekaru tana ɓoye wa ƙawayenta na Islamiyya, saboda ta san da zarar ɗaya ta ji, kafin magariba magana ta kai gidan saurayinta da ƙarin gishiri: ba ta haihuwa, ba za ta yi tsawon rai ba. Ƙarya ce. Mata masu wannan ciwo suna aure, suna haihuwa lafiya idan likita na bibiyarsu tun kafin ciki. Magana zarar bunu ce, 'yan'uwa mata, in ta fita ba ta komawa. Ranar wanka kuma ba a ɓoyon cibi, auren da aka gina kan ɓoyo amarya ce ke shan wahalarsa ita kaɗai a ɗakin miji.

Sai masu tura saƙo a WhatsApp. Da an ji kana da suga, kowa ya zama likita: jiƙa garafuni, tafasa ganyen mangwaro, ga wani mai magani a mota da lasifika a bakin kasuwa ya ce kwana bakwai an rabu da allura. Ku ji tsoron Allah. Duk wanda ya ce wa mai nau'i na ɗaya ya ajiye insulin, hanyar kabari ya nuna masa, ko da niyyarsa alheri ce. Haka masu gori a watan azumi, su ga saurayi yana shan ruwa da rana su ce ragon banza. Allah da ya wajabta azumi shi ya yi wa marar lafiya rangwame, kai wane ne da za ka fi shi tsanani?

Ku kuma ƙannena masu wannan lalura, ina roƙonku ku nemi junanku. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Likita zai rubuta maka adadin allura, amma ɗan'uwanka mai irin ciwonka shi zai gaya maka yadda yake yi da insulin a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 kuma babu wutar firiji. Ita wannan magani sanyi take so, tsakanin digiri 2 zuwa 8 kafin a buɗe, kuma ƙanƙara na lalata ta yadda rana ke lalata ta. A wajen wata uwa a layin ganin likita muka koyi sa kwalbar cikin leda a ajiye a tukunyar ƙasa da ke cikin wata tukunyar, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa don adana kayan lambu. A irin wannan layi ake jin wane kemis ke ajiye nasa a sanyi da gaske, yadda tuwo da fura ke ɗaga sugan wani, yadda ake sauya wurin allura kar fata ta yi ƙulli. Ranar da ƙanwata ta fara haɗuwa da wata sa'arta da ita ma ke huda yatsa kullum don gwada suga, hira suka yi har muka gaji da jira, ta dawo gida da fuskar da muka daɗe ba mu gani ba. In ka je asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko asibitin ƙwararru ranar ganin likita, kar ka sunkuyar da kai kana latsa waya. Na kusa da kai kan benci, gaishe shi, ku karɓi lambar juna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amma ta yaya za su nemi juna alhali kowa ya ɓuya saboda ku? Nan ne maganar ke komowa kullum. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, don wannan ciwo ba ya sallama kafin ya shigo gida, gobe yana iya zama ɗanka na fari.

Garin nan ba haka muka gaje shi ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da ya kafa birnin a 1809, duk da nauyin mulki da yaƙi sai da ya zauna ya yi rubuce-rubuce kan magani da cututtuka. Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, jajojinta na tafiya ƙauye ƙauye a ƙasa, mace na koyar da mace 'yar'uwarta. Ko a tasowarmu, in aka ce wane ba shi da lafiya, kafin la'asar zaurensu ya cika, tsofaffi na aiko da kunu a ƙwarya, sa'o'insa na zaune bakin tabarma suna ɗebe masa kewa. Yaron da ya kuskura ya yi wa marar lafiya dariya, dattijon da ya fara jin sa shi zai hukunta shi ko bai san ubansa ba, in ya kai ƙara gida kuma a ƙara masa. Yanzu dattijai sun kama bakinsu don gudun rashin kunya, zauruka an mayar da su shaguna, maƙwabcinka sai ya yi mako a gadon asibiti ba ka leƙa ba, sai ka ga hotonsa a Facebook ka rubuta "Allah ya ba da lafiya" ka wuce zuwa bidiyo na gaba.