Ku daina wanke finafinan Dirakula na ƙarshe, Hammer da kansu suka kashe shi

Tun da Nosferatu na Robert Eggers ya fito a ƙarshen 2024 matasa suka koma tono tsofaffin finafinan masu shan jini, kuma wannan ya yi min daɗi ƙwarai, amma sai ga wata sabuwar magana ta ɓullo a YouTube da Facebook wacce ta tsaya min a rai, wai finafinan Dirakula na ƙarshe-ƙarshe da kamfanin Hammer na Ingila ya yi zaluntarsu aka yi, wai mutanen wancan lokacin ne ba su fahimce su ba, wai Dracula A.D. 1972 da The Satanic Rites of Dracula ai manyan finafinai ne da suka riga zamaninsu. An gyara hotunansu sun yi tas, an zuba su a faifan Blu-ray, yanzu kowa ya zama lauyansu. To ni dai ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba. Finafinan nan marasa kyau ne, masu yin su sun san marasa kyau ne, jarumin da ya fito a matsayin Dirakula a cikinsu, Christopher Lee, ya faɗa da bakinsa tun yana raye.

Duk mai wannan magana ya fara komawa ya kalli na 1958 da Terence Fisher ya ba da umarni. Ka duba yadda Christopher Lee ya fara bayyana, inuwa ce kawai a saman matakala, kiɗan James Bernard ya buga har sai gabanka ya faɗi, sai mutumin ya sauko da sauri ya gaida Jonathan Harker cikin ladabi kamar wani mai gidan da ya ji daɗin ganin baƙo, har da ɗaukar masa jaka. Ba ka gama sakin jiki ba sai ga shi a ɗakin littattafai ido ya kaɗa ya yi jajir, jini a baki, ya tsallake tebur kamar dabbar dawa. Daga nan bai ƙara cewa uffan ba har fim ya ƙare. Mintunan da ya yi a gaban kyamara 'yan kaɗan ne amma ko ba ya nan kana jin yana nan, duk taga da aka bari a buɗe sai hankalinka ya tashi. Sannan ga ƙarshen, Peter Cushing a matsayin Van Helsing, mai farautar masu shan jini, ya haye dogon tebur da gudu ya daka tsalle ya fizgo labule rana ta shigo, ya haɗa ƙarafunan kyandir biyu ya yi gicciye da su ya tura bos ɗin cikin hasken rana har ya zama toka iska ta kwashe. Labari ya ƙare ke nan, kuma ya ƙare da mutunci.

Matsalar ita ce fim ɗin ya kawo kuɗi, kuɗi masu yawa, musamman a Amurka. A 1960 suka yi The Brides of Dracula babu Lee a ciki, Cushing ne ya riƙe shi kuma ya yi kyau abinsa. Sai 1966 Lee ya dawo a Dracula: Prince of Darkness, shekara takwas ke nan tsakani, a wannan ko kalma ɗaya bai furta ba sai huci, shi ya ce ƙin faɗin abin da aka rubuta masa ya yi saboda shirme ne, marubucin Jimmy Sangster kuma ya ce shi dama bai rubuta masa komai ba. Ko ma wane ne ke da gaskiya, fim ɗin yana da nauyinsa don Fisher ne ya riƙe shi, kuma sin ɗin da aka rataye mutum aka yanka shi jininsa ya zuba a kan toka har yau yana tayar da tsigar jiki. Na 1968 da Freddie Francis ya yi, Dracula Has Risen from the Grave, launukansa da rufin gidajen da ake bi da dare sun isa a yafe masa raunin labari. Ni a nan na ja layi. Abin da ya biyo baya gangara ce kawai.

Daga 1970 zuwa 1974 sun yi biyar, biyu ma a shekara ɗaya. Taste the Blood of Dracula asalinsa an tsara shi ne ba tare da Lee ba, Ralph Bates aka so ya gaji wurin, sai masu zuba kuɗi na Warner a Amurka suka ce su fa sai da Lee, aka dawo aka cusa shi cikin labarin da ba nasa ba. Shi ya sa za ka gan shi tsaye a lungu yana ƙirga mutanen da aka kashe, na farko, na biyu, na uku, wai yana ɗaukar fansar yaronsa da aka kashe. Dirakula fa! Wanda ya yi ɗaruruwan shekaru yana kallon ɗan Adam a matsayin abinci, shi ne yau ya damu da mutuwar bara har zai ɓata darensa a kai. Abin haushin shi ne labarin dattawan nan uku masu fuska biyu, masu wa'azi a gida da rana suna yawon banza da dare, labari ne mai kyau da zai tsaya da ƙafarsa, shigo da Dirakula ne ya raunana shi, shi ma Dirakulan aka rage masa daraja.

Scars of Dracula kuwa tun a mintin farko ya tona asirin kansa. Jemagen roba ne ya zo yana lilo ya amayar da jini a kan toka, shi kenan wai Dirakula ya tashi. Babu wani bayani, babu ƙoƙarin haɗa shi da inda na baya ya tsaya. A lokacin Hammer sun riga sun bar sutudiyon Bray inda suka yi finafinansu mafi kyau, kuɗin Amurka ya ja baya, kuma kana ganin talaucin a bangon gidan da aka zana da fenti. Da suka rasa abin tsoratarwa sai suka koma azabtarwa, Dirakula ya ɗauki wuƙa yana caka wa mace, ya gasa takobi a wuta yana ƙona bayan baransa. Me ya haɗa mai shan jini da wuƙa? Wanda kallo ɗaya yake yi wa mutum ya miƙa wuyansa da kansa. A ƙarshe ma ba jarumi ne ya kashe shi ba, aradu ce ta faɗo masa. Masu kare fim ɗin kullum sai su ce ai a nan ne aka nuna shi yana hawa bango kamar yadda Bram Stoker ya rubuta a littafinsa na 1897, to sakan nawa ne wannan a cikin fim na awa ɗaya da rabi?

Sai kuma wanda aka fi yi wa kirari yanzu, Dracula A.D. 1972. Wani ƙaramin fim na Amurka mai suna Count Yorga, Vampire ya kawo mai shan jini cikin zamani a 1970 ya samu kasuwa, sai aka ce Hammer ma su yi irinsa, suka ɗauko Dirakula suka kawo shi unguwar Chelsea a Landan. Tunanin kansa ba laifi ba ne, ai littafin Stoker ma abin da ya yi ke nan, ya ɗauko tsohon mugu daga duwatsun Transylvania ya sake shi a Landan ta zamaninsa mai jirgin ƙasa da wayar tangaraho. Amma ka kalli abin da darakta Alan Gibson da marubucinsa suka yi da wannan dama. Sun kulle Dirakula a cikin wani rusasshen coci tun daga tashinsa har mutuwarsa, bai taka titi ba, bai ga mota ba, bai shiga cikin mutane ba, sai wani yaronsa Johnny Alucard ne ke yawo yana kawo masa 'yan mata. Sauran lokacin an cinye shi da wata doguwar fati inda ƙungiyar mawaƙa ta Stoneground ke ta kiɗa, da wasu 'yan wasa da suka girme wa matsayin da aka ba su suna magana irin wacce dattawan marubuta ke zaton matasa na yi. Har da sin ɗin da aka sa Peter Cushing, mutum mai wannan daraja, ya zauna da biro da takarda yana jan layi don ya gano cewa sunan Alucard juyin sunan Dracula ne, abin da ɗan firamare ya gano tun a kallon farko. Wannan ne fim ɗin da ya riga zamaninsa?

Na 1973 ya fi ba ni takaici duk a cikinsu. A The Satanic Rites of Dracula an mai da shi attajirin dillalin gine-gine mai suna D. D. Denham, yana zaune a ofis a saman dogon bene, yana da masu gadi a kan babura, jami'an leƙen asiri na bin sawunsa, shirinsa kuma shi ne ya saki annoba ta kashe duniya baki ɗaya. Wato sun ga finafinan James Bond na ci sai suka ɗinka masa rigar bos ɗin James Bond. Kuma yaya ya mutu? Ya shiga cikin ƙaya ya maƙale, Van Helsing ya zare katakon shinge ya soke shi. Lee da kansa ya gaya wa 'yan jarida tun ana ɗaukar fim ɗin cewa ba da son ransa yake yi ba, ya kira abin shirme marar ma'ana. Ya kuma sha faɗa daga baya cewa duk lokacin da ya ƙi sai shugabannin kamfanin su kira shi su ce an riga an sayar da fim ɗin da sunansa, ya tuna ma'aikatan da za su rasa abinci idan ya ƙi. Da irin wannan roƙon aka yi finafinan da yau ake ce mana fasaha ce. Daga wannan bai ƙara saka musu rigar ba, da suka tafi Hong Kong suka haɗa kai da kamfanin Shaw Brothers suka yi The Legend of the 7 Golden Vampires da ya fito a 1974, Dirakula da faɗan Chanis a fim ɗaya, sai John Forbes-Robertson suka shafa wa hoda da jan baki ya tsaya a wurinsa.

Masu cewa ai zamani ne ya canja, mutane suka daina jin tsoron gicciye da akwatin gawa, su je su tambayi layukan da aka yi a ƙofar silima don kallon The Exorcist a ƙarshen 1973, fim ɗin da gaba ɗayansa limaman coci ne da addu'a da shaiɗan. Mutane ba su daina jin tsoro ba, sun daina jin tsoron abin da masu yin sa ba su ɗauke shi da gaske ba ne. Kuma kar wani ya ce min Hammer ba su da sauran basira a lokacin, a tsakanin shekarun nan ne suka fitar da Twins of Evil da Vampire Circus da Captain Kronos, dukkansu na masu shan jini ne kuma kowanne da ransa da sabon tunaninsa. Basirar tana nan, Dirakula ne kawai suka mayar saniyar tatsa, sunansa a fosta ya isa a karɓo kuɗin masu rarrabawa, abin da ke cikin fim ɗin kuma oho.

Dama can haka aka yi masa a Amurka. Kamfanin Universal sun fara da Bela Lugosi a 1931, zuwa 1944 da 1945 sun tara Dirakula da dodon Frankenstein da mutum-kerkeci a gida ɗaya don a cika fosta, zuwa 1948 Lugosi ya dawo da rigarsa a fim ɗin barkwanci na Abbott da Costello. Hammer sun ga wannan da idonsu, nasararsu ta 1958 ma ta samu ne saboda sun dawo wa da halittar kwarjininta bayan an mai da ita abin dariya, sannan suka bi hanyar nan ɗaya tiryan-tiryan. Mu da muke kallon finafinai masu dogon zango a nan gida mun san ciwon, labari ya ƙare tun tuni amma tunda talla na shigowa sai a tayar da wanda ya mutu a ƙara zango.

Abin da ya fi ƙona min rai a wannan sabon yabon shi ne hujjar da suke kawowa, wai finafinan suna da daɗin kallo, ana dariya, ana nishaɗi da kayan da aka saka da kiɗan zamanin. To ai ka gama yanke musu hukunci da bakinka. Fim ɗin ban tsoro da ake kallo don a yi masa dariya ya faɗi, ba a yi shi don haka ba, Cushing bai tsaya yana ba da dukkan ƙarfinsa a kowane sin don a zo bayan shekara hamsin ana ƙyalƙyala masa dariya ba, kuma a lokacin da ya yi na 1972 bai daɗe da rasa matarsa Helen ba, ramar tana nan a fuskarsa ga duk mai ido. Shi da Lee sun yi aikinsu da gaskiya a cikin rubutun da bai kai darajarsu ba, yabon da ya dace da su daban, wanke kamfanin da ya saka su a wannan hali daban. In aka haɗa su aka ce duk finafinan Dirakula tara na Hammer abu ɗaya ne, yaron da ya fara da na 1973 zai ɗauka Hammer ke nan, ba zai taɓa neman na 1958 ba, kuma wannan asara ce babba.

Ni ban ce a ƙone su ba. A adana su, masu bincike su kalla su ga yadda kamfani ke cin kansa da kansa. Amma masu sharhi su riƙa faɗa wa mutane gaskiya wanne ne fim wanne ne neman kuɗi, masu sayar da faifai su daina lulluɓe su duka da kalmomi iri ɗaya. Hammer yana nan har yanzu, John Gore ya saye shi a 2023, kuma ba na shakkar wata rana wani zai kawo shawarar a sake tayar da Dirakula. In ba su da labarin da zai sa mutum ya tashi ya rufe tagarsa kafin ya kwanta, don Allah su bar shi a cikin akwatinsa.