Asarar da Mai Munana Zato Ba Ya Gani

Na shafe shekaru ina ɗaukar rashin yarda da mutane a matsayin wayo. Wani da na amince wa ƙwarai ya ci amanata, tun daga ranar kuwa duk wanda ya sakar mini fuska sai in fara lissafin abin da yake nema a wurina. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu, don haka ba na ganin laifin mai irin wannan tsoro, amma na daɗe ban lura da asarar da nake tafkawa ba.

Abin da ya sa munana zato yake da wuyar magani shi ne, ba ya barin mai shi ya gane kurensa. Idan ka yarda da mutum ya yaudare ka, za ka sani, kuma ba za ka manta ba. Idan kuwa ka ƙi yarda da mutumin kirki, babu ranar da za ka san ka zalunce shi, domin da hannunka ka rufe ƙofar da hujjar za ta shigo, sai ka ci gaba da ƙirga maciya amana kaɗai kana cewa haka duniya take.

A 2019 mujallar Science ta wallafa wani bincike da aka miƙa walat fiye da 17,000 ga ma'aikata a birane 355 na ƙasashe 40, a matsayin abin da aka tsinta. Ma'aikatan sun nemi mai walat don mayar masa da abinsa a kusan kashi 40 cikin ɗari na walat ɗin da babu kuɗi a ciki, a masu kuɗi a ciki kuma kashi 51. Hatta masana tattalin arziki da aka tambaya ba su yi hasashen haka ba. Kashi 51 bai mayar da mutane mala'iku ba, na sani, sai dai ya ƙaryata abin da na daɗe ina rantsuwa a kansa.

Yanzu nakan ba da amana kaɗan in ga yadda aka riƙe ta, kuma nakan yi tambaya kafin in yanke hukunci. Kwanakin baya na ƙullaci wani aboki da ya daina amsa kirana, har na gama yanke cewa girman kai ne ya shige shi. Da na daure na neme shi, sai na tarar makonni uku ke nan yana jinyar mahaifiyarsa, ko barcin kirki ba ya samu.