Dagaci ya san kowa, amma ina littafin?

A Faransa, inda nake zaune, akwai ƙananan hukumomi kusan 35,000, kuma wajen rabinsu mutanen cikinsu ba su kai 500 ba. Ƙauyen da a wajenmu mai unguwa ɗaya zai riƙe shi, a nan yana da magajin gari, da majalisa, da hatimi, da kabad na littattafan rajista. Najeriya kuwa ƙananan hukumomi 774 ne kacal. Kano na da 44, Katsina 34, Jigawa 27, Zamfara 14. Wannan tazara ita ce tushen wahalar mutumin ƙauye idan takarda ta kama shi. Ba na ganin rashin kwamfuta ne babbar matsalarmu. Matsalar ita ce wanda ya san mutum ba ya riƙe da littafi, wanda ke riƙe da littafi kuma bai san mutum ba.

Mu fara da haihuwa, tunda daga nan kowace takarda take tsirowa. A Faransa doka ta ba da kwana 5 a kai rahoto ma'aikatar magajin garin da aka haihu a cikinsa, ba a lissafa ranar haihuwar. Uba, ko wani da ya halarta, zai je da shaidar likita ko ungozoma da katin shaidarsa, a rubuta sunan jariri, da rana, da sa'a, da wuri, da sunayen iyaye. Ba a biyan ko sisi. Idan wa'adin ya wuce, magajin gari ba shi da ikon rubutawa, sai alƙali ya yanke hukunci, kuma akwai tara da za ta iya kaiwa yuro 3,750. Mutuwa kuma cikin sa'a 24 ake kai rahotonta.

Abin da ya fi burge ni ba wa'adin ba ne, tsarin littafin ne. Ana rubuta shi kwafi biyu, ɗaya ya zauna a ma'aikatar, ɗaya a kai kotu, saboda gobara ko ambaliya. Sannan shafin haihuwar mutum yana da fili a gefe. Idan ya yi aure a wani gari, can za su aiko da sanarwa a rubuta a gefen. Haka saki, haka canjin suna, haka mutuwa. Shafi ɗaya ya ɗauke rayuwar mutum tun daga zanen suna har kabari. Shi ya sa idan za a ɗaura aure ake neman kwafin da bai wuce wata 3 da fitarwa ba, domin a ga abin da aka ƙara. Kwafin kyauta ne, ana iya nemansa ta wasiƙa ko ta intanet. Tun 1792 aka ɗauke wannan aiki daga hannun coci aka damƙa wa ƙananan hukumomi.

A gida dokar tana nan. Dokar 1992 ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa, ta ɗora aikin a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ta ba da kwana 60 a yi kyauta. Amma ma'aikacin hukumar yana sakatariya ko babban asibiti, matar kuma a ɗakinta ta haihu, a hannun ungozoma, tafiyar awa guda a babur daga inda littafin yake. Uba yana fama da ragon suna da kayan barka, wa zai tuna masa da wata takarda da ba a bukata yau? Sai yaro ya kai shekara goma sha bakwai, zai rubuta JAMB, a ce sai da lambar NIN, sannan a tashi neman shekarun haihuwa. Wanda ya wuce 18 ba a ba shi takardar haihuwa ta asali, sai ya je kotu ya yi rantsuwar shekaru, ya kai wa hukumar ta ba shi takardar tabbatarwa. Daga nan ake samun tulin mutanen da duk aka haife su ranar 1 ga Janairu.

Kuma nan ne ɓarnar suna take shiga. Makarantar firamare ta rubuta Mamman, sakandare ta rubuta Mohammed, banki ya rubuta Muhammad, katin ɗan ƙasa ya ɗauki sunan gari a matsayin sunan mahaifi. Ba wanda ya yi ƙarya, amma babu shafi na asali da za a koma a ce ga daidai. Gyaran harafi ɗaya sai ya ci rantsuwar kotu, da sanarwa a jarida, da kuɗin mota sau uku. Shawarata ga duk mai ƙaramin yaro: ka zaɓi rubutun suna guda, da jerin sunaye guda, ka rubuta a takarda ka miƙa wa kowane ma'aikaci ya kwafa, kada ka faɗa da baki. Kafin ka bar teburin ka karanta abin da ya rubuta harafi da harafi.

Abin takaici, muna da abin da Faransawa ba su da shi. Ranar bakwai ana taruwa, liman ya raɗa suna, mai unguwa yana zaune, dangi da maƙwabta shaida ne. Babu rajistar da ta fi wannan ƙarfin shaida. Abin da ya rage kawai littafi mai lambar shafi da biro. 'Yan uwanmu na Nijar sun ɗan matsa kusa da haka, domin ana karɓar rahoton haihuwa a asibitocin karkara da wasu ƙauyuka a tura wa ma'aikatar magajin gari, kuma alƙalai kan fita zaman ƙauye su yi wa waɗanda suka makara takarda. Su ma ba su gama da matsalar ba, amma hanyar ta fi kusa da mutane.

Takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma ita ce ta fi nuna yadda tsarinmu yake tafiya. Ana nemanta wajen shiga jami'a, da aikin soja ko ɗan sanda, da tallafin karatu. A yawancin wurare mutum zai fara da mai unguwa, ya wuce wurin dagaci, hakimi ya sa hannu da hatimi, sannan ya kai sakatariya da hotunan fasfo, ya biya, ya jira sa hannun shugaba ko sakatare. Matakan farko ukun suna sauri, domin an san uban mutum da kakansa. A na ƙarshe ake tsayawa: mai sa hannu yana babban birnin jiha, fom ya ƙare, a dawo Litinin. Kuɗin kuma ba a rubuce yake a bango ba, shi ya sa yake canzawa da fuskar mai nema. Duk abin da ka biya ka nemi rasit mai lamba, ka ɗauki hoton takardar da waya tun kafin ka fita daga harabar, domin idan ta ɓace da wuya a samo kwafinta a fayil. Faransa ba ta da irin wannan takarda sam. Inda kake zaune ake tambaya, kuma takardar kuɗin wuta ko ta haraji ta isa shaida.

Sai gona, inda rashin littafi yake raba zumunci. A nan Faransa tun 1807 aka fara zana taswirar filaye, kowane yanki da harafinsa da lambarsa, kuma kowa na iya dubawa a ma'aikatar magajin gari ko a intanet ba tare da ya faɗi dalili ba. Taswirar don haraji aka yi ta, ba ita ce shaidar mallaka ba. Ciniki sai a gaban wani masanin doka mai lasisin gwamnati, shi zai rubuta ya kai a shigar a rajistar filaye, iyaka kuma mai awon ƙasa mai lasisi ne yake kafa ta da turaku. A gida ciniki yakan ƙare da takarda guda da aka yago daga littafin makaranta, da shaidu biyu, da la'adar dillali. Iyaka ita ce kukar nan, da layin gamba, da tsohuwar rijiya. Kuka ta faɗi, gamba ta ƙone, shaidu su rasu, gara ta ci takardar a ƙasan adaka, sai magada su kwashi shekaru a kotu ana rantse-rantse. Jingina da aro sun fi shiga wannan rami, domin bayan shekara talatin ɗan wanda aka ba aro ya taso yana ganin gado ne.

Mutane da yawa ba su san Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a kan filin karkara ba, har hekta 500 don noma da 5,000 don kiwo. Ba sai an je wurin gwamna ba. Kafin a kai ga haka, takardar ciniki ta ƙunshi sunayen maƙwabta gabas da yamma, kudu da arewa, da tsawo da faɗi a mita, da kuɗin a lamba da kalmomi, da bayani ƙarara ko sayarwa ce ko jingina ko aro. A sa matasa cikin shaidu, ba dattawa kaɗai ba. A yi kwafi uku, na mai saye, na mai sayarwa, na dagaci.

Game da kuɗin jama'a, majalisar ƙauye a Faransa dole ta zauna aƙalla sau ɗaya a wata uku, ƙofa a buɗe, kuma kowa na da ikon neman kasafin kuɗi da bayanan zama. Idan wata guda ya wuce ba amsa, akwai hukumar da dokar 1978 ta kafa da ake kai wa ƙara kyauta. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta Najeriya ta 2011 ta ma fi tsauri a rubuce, kwana 7 ta bayar. Amma idan aka yi biris da kai sai babbar kotu, kuma manomi ba zai ɗauki lauya don jin kuɗin rijiyar burtsatse ba. Duk da haka a riƙa rubutawa, kwafi biyu, a sa a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke a Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, tambayar ina kuɗin suka shiga ta koma ƙofar sakatariya.

Kada a ɗauka nan Faransa komai lafiya lau. Ma'aikatar ƙaramin ƙauye takan buɗe rabin yini sau biyu a mako, ma'aikaciya ɗaya tana zagaya ƙauyuka uku ko huɗu. Katin ɗan ƙasa da fasfo sai a garin da ke da na'urar ɗaukar yatsa. An tura ayyuka da yawa intanet, tsofaffi suka rasa yadda za su yi, har gwamnati ta buɗe cibiyoyin taimako da nufin kowa ya samu ɗaya cikin tafiyar minti 30. Amma ranakun buɗewa suna manne a ƙofa, kuma ranar da aka ce za a buɗe ana buɗewa.

Masu cewa ƙauyenmu ba zai iya riƙe littafi ba su tuna zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna. Malaman haraji suna da sunan kowane magidanci, ana ƙirga shanu saboda jangali, har zuwa 1979 da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali a Kano da Kaduna. Soke harajin alheri ne, amma littafin ya tafi tare da shi. Najeriya na da mazaɓu 8,809, kowace da kansila. A sa malamin rajista ɗaya a kowace mazaɓa, ya zauna a zauren dagaci ranar kasuwa, da littafi mai lambar shafi na haihuwa da mutuwa da aure da cinikin gona, farashi a rubuce da boko da ajami a bango. Ƙarshen kowane wata ya kai kwafi na biyu sakatariya, ya karɓo takardun da aka sa wa hannu ya raba wa masu su a kasuwa ta gaba.