Me ke cikin sitikar?

Wani labari ya ce liƙa wata sitika a jiki na sa fatar Turawa ta yi duhu, amma bai faɗi abin da ke cikinta ba. In Melanotan II ne, wato wani sinadari mai sa fata duhu, babu izinin sayar da shi a Amurka ko Birtaniya, yana sa tashin zuciya, yana kuma ƙara wa tawadar Allah duhu. Ɗan'uwansa afamelanotide da FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince da shi a 2019, likita ke dasa shi ƙarƙashin fata, don masu wata cuta da hasken rana ke azabtarwa. Kai kuma mai cewa duhun zai hana sankarar fata, wallahi kariyarsa kaɗan ce ƙwarai. Wa ya gwada sitikar nan kafin a kai ta kasuwa?