Arzikin Muisca gishiri ne, ku bar mu da tatsuniyar birnin zinariya

Wannan bidiyon da kuke ta turowa tun jiya ya ishe ni haka. Wai an gano ɓataccen birnin zinariya a Kolombiya! To madalla, sai ku je ku kwaso mana, mu ma mu samu na cefane.

Babu wani birnin zinariya, ba a taɓa yi ba. Mutanen Muisca, 'yan asalin tudun Kolombiya da ake jingina wa labarin, 'yan gishiri ne. A garuruwan Zipaquirá da Nemocón suke dafa ruwan gishiri a tukwanen ƙasa har ya daskare, su fasa tukunyar, su ɗauki curin su kai kasuwa. Da shi da mayafan auduga da duwatsun zumurrudu suke musayo zinariya daga maƙwabta. Gishiri ne jarin, zinariyar ta sadaka ce: sabon sarki ya shafa garinta a jiki, ya hau kwale-kwale a tafkin Guatavita, ya zuba wa abin bautarsu. Ga hoton bikin nan a ƙaramin kwale-kwalen zinariya da aka tsinta a 1969, yana gidan tarihi a Bogota.

Wani zai ce ai dai akwai zinariya a tafkin. Akwai mana, sai me? A 1580 wani ɗan kasuwa, Antonio de Sepúlveda, ya tsaga gefen tafkin don ya zubar da ruwan, ramin ya rufta da ma'aikata. Wani kamfanin Landan ya zo daga baya ya tsotse ruwan, laka ta bushe ta zama kamar siminti. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Abin da ke ci mini rai, ba wanda ke tambayar yadda Muisca suka yi mulki. Manyan sarakuna biyu ne, mai sarautar Zipa a garin Bacatá, mai sarautar Zaque a garin Hunza, ƙananan sarakuna na kai musu gaisuwa, kuma ɗan 'yar'uwar sarki ke gadon sarauta, ba ɗan cikinsa ba. Jiménez de Quesada, jagoran mayaƙan Sifen, ya iso a 1537, har sawun curin gishirin nan ya bi ya hau tudunsu. Mutanensa suka ƙona ɗakin bautar rana na garin Sogamoso, suka azabtar da sarki Sagipa har ya mutu, wai sai ya nuna taska.

Af, wasan tejo da 'yan Kolombiya ke ji da shi ma daga ƙasar Muisca ya fito. Ƙarfe ake jefawa kan laka da aka dasa wa albarushi, in ka dace ya fashe. Wannan bidiyon nake so ku nemo mini.