Me Ƙafa Ta Yi Mana Muke Gaba Da Ita?

Jiya na ga abin da ya tsaya mini a rai. Wani matashi, da ƙyar in ya kai talatin, ya kafe a bakin lif yana danna maɓalli yana tsaki, alhali hawa ɗaya tak zai je, ga matattakala a gefensa. Wani dattijo ya raɓa shi, ya kama ƙarfen gefe, ya taka sannu a hankali, ya riga shi isa.

'Yan'uwana matasa, wannan wace irin kasala ce? Tafiyar minti biyar sai an tayar da mota. Abu na bakin ƙofa sai an ƙwala wa ƙane kira ya miƙo. Daga gado sai kujera, daga kujera sai gado, kai sunkuye kan waya har wuya ya sage. Ita wayar nan ma ciwo ce mai zaman kanta, amma a bar kaza cikin gashinta. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi.

Zuciya fa tsoka ce, in ba a sa ta aiki ba sai ta yi laushi. Tafiya da ɗan sauri tana sassauta hawan jini, tana rage sukari da kitsen da ke cikin jini, kuma duk taku sharaɓa na matso jini ya koma sama wurin zuciya. Tun 1953 wani likita, Jeremy Morris, ya gano a Landan cewa kwandastocin bas masu hawa da sauka tsakanin bene biyu ba su kai direbobi kamuwa da ciwon zuciya ba. Mota ɗaya ce, sai dai wani na zaune, wani na tafe.

Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 na motsa jiki ta ce a mako, har ga wanda ya haura 65. Rabin awa sau biyar ke nan. Wai ba lokaci! Amma na gulma har ƙarfe biyun dare akwai.

Ina mutanen da? Tsoho ya taka ya gaido ɗan'uwansa, ya dawo bai ce wayyo ba. Yau jikansa ya hau matakala goma yana haki kamar wanda aka koro. Ku dai motsa, ku kama hannun iyayenku ku ɗan zagaya da su.

Da na gama abin da ya kai ni na sauko, sai ga mutumin nawa a sama, yana jiran lif ɗin sauka.